Kafin Ka Sayi Baburin da Aka Ce Ya Je Yaƙi

Duk tsohon baburin soja da aka fito da shi kasuwa, da labarinsa yake zuwa. Wannan an ce ya sauka gaɓar Nomandi a 1944, wancan ya keta hamadar Libiya, na can gefe kuma wai wani babban hafsa ne ya shiga Balin a kansa. Mai sayarwa ya san abin da yake yi. Idan aka zare labarin, abin da ya rage ƙarfe ne mai nauyi, mai ɗigar da baƙin mai, wanda Bajaj ɗin 'yan acaɓa zai yi kafaɗa da kafaɗa da shi a kan kwalta. Labarin ne ke ninka farashi, kuma shi ne abin da ya fi wuyar tabbatarwa.

Ina son waɗannan babura, kuma saboda son ne nake ganin bai dace kowa ya saye su ba. Wanda ya sayi baburin da aka ƙera don yaƙi sama da shekara 80 da suka wuce, shaida ya saya, guntun abin da ya faru da mutane na gaske. Nauyi biyu ne ke hawa kansa tun ranar da ya biya kuɗi: kada ya bari a sayar masa da ƙarya, kuma kada shi ma ya goge gaskiyar da ya tarar a jikin ƙarfen ya rubuta tasa. Na biyun ya fi wuyar kiyayewa, domin da kyakkyawar niyya ake aikata shi.

Bari mu ɗauki babur guda mu bi diddiginsa, wato BSA M20 na Ingila. Shi ne mai sha'awa zai fi cin karo da shi, kuma irinsa ne rundunar Birtaniya, wadda kakanninmu da dama suka yi wa aikin soja, ta dogara da shi. Kamfanin Birmingham Small Arms ne ya ƙera shi a masana'antarsa ta Small Heath. Kamfanin bindigogi ne tun asali, shi ya sa tambarinsa bindiga uku ce a jingine da juna. Injiniya Val Page ne ya tsara baburin, ya fito a 1937 da silinda ɗaya mai cc 496, bawul a gefe, ƙarfin doki 13 kacal, nauyi kuwa ya doshi kilo 170. An ƙera wa sojoji kimanin 126,000 a Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da kowane babur na Birtaniya, ko da yake Norton 16H da Matchless G3L su ma sun fita da yawa. Buƙatar ta ƙara tsananta bayan an bar babura kusan 20,000 a Faransa lokacin janyewar Dunkirk a 1940. Ko ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa Small Heath a daren 19 ga Nuwamba na wannan shekara, wanda ya kashe ma'aikata 53, bai kawo ƙarshen ƙirar ba.

Aikin M20 shi ne kai saƙo tsakanin hedikwata da dakarun da ke gaba, da rakiyar ayarin motoci, da sintirin 'yan sandan soja. Aiki ne mai cinye ƙarfe. Idan babur ya gaji, sai a kai shi garejin soja, wanda tun daga 1942 yake hannun rundunar makanikai ta REME, a warware shi ƙwaya-ƙwaya tare da wasu da dama, a wanke, a haɗa da duk injin da ya zo hannu. Makanikin soja bai damu da wane inji ya fito daga wane firam ba. So yake gobe da safe babur ya tashi. Da yaƙi ya ƙare, wasu suka ci gaba da aiki a bariki har cikin shekarun 1960, dubbai kuma aka yi gwanjonsu, aka shafe su da baƙin fenti, suka koma hannun ma'aikata da manoma a Turai da Asiya da Afirka. A garin Pematang Siantar na tsibirin Sumatra a Indonesiya, tsofaffin BSA aka liƙa wa kujera a gefe suka zama motar haya ta gari, suka shafe shekaru da dama suna ɗaukar fasinja.

Ke nan duk wanda ya ce maka M20 ɗinsa yana nan yadda ya fito daga masana'anta, ko noti ɗaya ba a taɓa canzawa ba, to ka ƙara buɗe ido. Haka kuma idan ka ga lambar inji ta saɓa da ta firam, wannan kaɗai ba aibi ba ne, sau da yawa ma alama ce ta cewa babur ya yi aikin soja na gaske. Aibin shi ne a ɓoye maka.

Mai sayen doki a kasuwa baki yake buɗewa ya duba haƙori, ba ya tsayawa yabon sirdi. Haƙorin babur lambobinsa ne. A M20 na soja, lambar firam da ta inji yawanci suna farawa da WM20. Ta firam tana gaba wajen wuyan babur, ta inji kuma a jikin akwatin injin ta hagu, ƙarƙashin silinda. Akwai ɗan faranti mai lambar kwangilar da Ma'aikatar Yaƙi ta ba kamfani, in bai ɓace ba, akwai kuma lambar da ake rubutawa da fenti a gefen tanki mai farawa da harafin C. Wasu suna ɗauke da farantin da ke nuna ranar da garejin soja ya sake haɗa su. Ka je da tocila da tsumma, ka goge wurin da kanka. Ka duba ko ƙarfen da ke ƙarƙashin lambar ya fi na kewayensa santsi ko ya ɗan lotsa, alamar an goge tsohuwa an buga sabuwa. Ka duba ko haruffan girmansu ɗaya, salonsu ɗaya. Ka ɗauki hoto ka tura wa waɗanda suka sani kafin ka ba da ko sisin kwabo. Ƙungiyar masu BSA ta Ingila da ƙungiyar tsofaffin babura ta VMCC suna duba lamba a kundin kamfani su faɗi shekarar ƙira, kuma littafin Orchard da Madden a kan baburan sojojin Birtaniya na 1925 zuwa 1945 ya jera kwangilolin da jerin lambobinsu.

Abin da kundi zai iya gaya maka shi ne yaushe aka ƙera babur, a ƙarƙashin wace kwangila. Da wuya ƙwarai ya gaya maka wace bataliya ta karɓe shi, balle wane fagen daga ya taka. Saboda haka labarin Nomandi, in babu hoton zamanin yaƙi da lambar tankin ta fito a ciki, ko takarda mai hatimi, to zance ne, kuma ba a biyan kuɗin zance. Haka abin yake ga Harley-Davidson WLA na Amurka, har ma da ƙarin tarko: waɗanda aka ƙera tun daga shigar Amurka yaƙi har zuwa ƙarshensa duk da 42WLA lambarsu ke farawa, ko da a 1944 aka yi su. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka duk na 1942 ne. Kuma Harley na wancan zamani a jikin inji kawai lambarsa take, firam ba shi da ita, don haka sai an san sauye-sauyen ƙira na kowane zubi kafin a gane ko firam da inji tsara ɗaya ne. Fiye da 30,000 daga cikinsu Tarayyar Sobiyet aka tura wa a matsayin taimakon yaƙi, shi ya sa da yawa daga waɗanda ke kasuwar Turai a yau daga gabas suka dawo, bayan shekaru na gyaran ƙauye da duk ƙarfen da aka samu.

Inda yaudara ta fi ƙamari shi ne wajen baburan Jamus masu keken gefe. Hoton sojan Jamus a kan BMW R75 ko Zündapp KS 750, abokinsa a gefe riƙe da bindiga mai jigida, finafinai sun dasa shi a zukatan mutane, alhali kowanne daga cikin biyun abin da aka ƙera bai kai 20,000 ba, kuma yawancinsu yaƙin ya cinye. Kaɗan suka rage, masu nema suna da yawa, farashi ya kai na mota mai tsada. Su kuwa marasa tsoron Allah sun samu hanya a sauƙaƙe. Tun 1941 Tarayyar Sobiyet ta fara ƙera M-72, wanda ta kwaikwayo daga wani BMW da ya riga R75 fitowa, wato R71. Ƙirar ta zauna a garin Irbit, mahaifar baburan Ural, da Kiev, mahaifar baburan Dnepr, daga baya a 1957 aka miƙa wa ƙasar Sin ta riƙa fitar da Chang Jiang 750. Ana samun waɗannan da yawa kuma da araha. A fesa musu toka-toka ko ruwan yashi, a liƙa tambarin BMW, a rataya jarka da shebur, shi ke nan an samu "baburin Hitila".

Mai ido zai gane. R75 na gaskiya bawul ɗinsa a sama yake, na M-72 da tsohon Chang Jiang a gefe. Tayoyin R75 gajeru ne masu kauri, inci 16, firam ɗinsa guntu-guntu ne da aka ɗaure da noti, bayansa ba shi da sifirin, birkin baya da na keken gefe da mai suke aiki, yana da giyar baya, kuma inji yana juya tayar keken gefen. Sai dai wasu Dnepr na baya-bayan nan su ma suna da bawul a sama da giyar baya da tayar gefe mai ja, don haka alama ɗaya ba ta isa ba, sai an haɗa duka. Abin da ke ƙona mini rai a nan shi ne, M-72 na gaskiya shi ma baburin yaƙi ne mai tarihinsa, na mutanen da suka yi asarar rayuka fiye da kowa a wannan yaƙi. Wanda ya mayar da shi jabun Jamus ya cuci mai saye, ya kuma cuci baburin.

Idan asali ya tabbata, tambaya ta gaba ita ce: me da me ya ɓace? Sabon shiga yakan ruɗu da araha, ya sayi firam da inji da kwali uku na tarkace, a ce masa "komai yana ciki". Komai ba ya ciki. Araha kuwa ba ta ado. Fistin da ringi da boris da bawul na M20 ana samunsu, domin an ƙera su da yawa kuma har yau ana yin sababbi. Abin da ke cinye aljihu ƙananan abubuwa ne: fitilar gaba ta daidai shekarar da murfinta mai rage haske don gudun jiragen abokan gaba, agogon gudu na Smiths, akwatin kayan aiki, ƙarafunan rataya jakunkuna, doguwar sandar jingina ta baya, matatar iska ta Vokes da ake ɗorawa a kan tanki don ƙasashe masu ƙura. Kuma abin yana sauyawa da shekara. Bayan Japan ta kama Malaya a 1942 roba ta yi ƙaranci, sai aka koma naɗe hannun babur da zanen tamfol, matakin ƙafa ya zama ƙarfe tsirara. Babur na 1940 da na 1944 sunansu ɗaya, amma kayan jikinsu sun bambanta. Ana ƙera kwaikwayon tankuna da madgad da cokulan gaba a Indiya, wasu suna da kyau, wasu sai an sha fama kafin su zauna, kuma ni ba zan ɗora raina a kan cokalin gaban da ban san wanda ya yi waldarsa ba. Shawarata ita ce a sayi babur mafi cika da aljihu zai iya, ko da ya yi muni a ido, ko da ba ya tashi.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wato sifana. Makanikanmu sun taso a kan baburan Japan da Sin da Indiya, kayan aikinsu duk na milimita ne. Baburin Ingila na wancan zamani da awon inci aka yi shi, zaren notinsa na tsarin Whitworth ne da danginsa, har da wani siririn zare na masu kekuna mai layi 26 a kowane inci. Sifana mai lamba 13 za ta yi kamar ta kama, sai ta cinye kan noti. A ɗauko kusar zamani a tura ta da ƙarfi cikin ramin alminiyam, ta shiga, amma ta kashe zaren har abada. Gwanintar makanikinmu ta tayar da mataccen inji da abin da ke hannu abar yabo ce, ita ta riƙe ƙasar nan a kan taya. Amma a wannan aiki sai an sa mata linzami. Kafin a kwance noti ɗaya, a sayi sifanun Whitworth da kayan yanka zare nasu, a nemo littafin gyara na soja na wannan babur, a samu makaniki mai haƙuri wanda zai yarda ya ajiye guduma. Masu injin sassaƙa ƙarfe a Kano da Kaduna za su iya yanka kowane irin zare in an kai musu awo daidai, kuma wannan babbar dama ce da ta fi arha a nan fiye da Turai.

Ta fuskar inji, M20 ba shi da wuyar sha'ani, amma yana da wuraren da ya saba ciwo. Wutarsa daga maganeton Lucas take, mai haɗe da dinamo na bolt 6. Akwai ɗan kwandensa a cikin maganeton da tsufa ke kashewa. Alamarsa ita ce babur ya tashi lafiya da sanyin safiya, in ya yi zafi aka kashe shi ya ƙi tashi. Maganinsa a sake naɗa maganeton gaba ɗaya wurin gwani, kuma a sa wannan cikin lissafi tun farko. Kafireton Amal yakan sassauce da shekaru har ya riƙa shan iska ta inda bai kamata ba. Baƙin mai yana da tankinsa daban, kuma in babur ya daɗe a ajiye yakan zurare ƙasan inji. Duk lokacin da aka tayar, a buɗe murfin tankin a ga mai yana dawowa. Injin ba shi da matatar mai irin ta zamani, don haka zuba man zamani mai wanke datti a injin da ba a buɗe an tsabtace ba zai kwaso daskararren dattin shekaru ya kai shi cikin boris. A duba firam da kyau ko ya tsage ko ya karkace, musamman in ya taɓa jan keken gefe, a kuma girgiza cokalin gaba a ji ko sandunansa sun ci. Tsofaffin takalman birki na wancan zamani suna ɗauke da asbestos, tsohon fenti kuma da dalma. Kada a hura ƙurarsu da iska, kada a kankare su a tsakar gida inda yara ke wasa. Injin mai bawul a gefe da ma can mai zafi ne, ga zafin Afrilu namu, ga ƙurar hunturu, saboda haka matatar iska a nan wajibi ce ko da hotunan Turai sun nuna babur ba ita.

Yanzu ga inda na fi damuwa, wato fenti. Abu na farko da zuciya ke raya wa sabon mai babur shi ne ya kai shi a kankare shi tas har sai ƙarfe ya yi fari, a fesa sabon kore. A rana ɗaya sai a shafe abin da ya tsira shekara 80. Ƙarƙashin baƙin fentin farar hula, sau da yawa fentin soja yana nan kwance, hawa-hawa. A gefen tanki lambar C tana iya kasancewa, a kan madgad kuma tambarin runduna ko lambar bataliya. Wannan ita ce kaɗai takardar shaidar da babur ya rubuta wa kansa, kuma ita ce za ta iya ba ka labarin gaskiya da ya fi na dillali daraja. A sa takardar goge mai laushi da ruwa, a bi a hankali, hawa ɗaya bayan ɗaya, ana ɗaukar hoto ana aunawa. Aikin makonni ne. In aka tarar fentin asali ya rage da yawa, ni a ganina a bar shi: a wanke, a tsayar da tsatsa, a shafa kakin kariya, a mayar da ƙarfi kan inji da birki da tayoyi da wayoyin wuta. Lotsawar da ke jikin tanki wani ne ya faɗi da shi wata rana, ba lallai ne a cike ta ba.

In kuwa babu abin da ya rage sai tsatsa, to sabon fenti halal ne, amma a yi shi da ilimi. Launin sojan Birtaniya ya sauya cikin yaƙin: kore mai ruwan kaki a farko, ruwan ƙasa a tsakiya, sannan kore irin na Amurkawa daga 1944. Jamusawa sun bar toka mai duhu suka koma rawaya mai duhu a farkon 1943. Duk ba mai ƙyalli a cikinsu, domin ƙyalli yana jawo harsashi. Baburin soja mai walƙiya da kurom, wanda aka goge injinsa har mutum yana ganin fuskarsa, ya fi wanda ya fito daga masana'anta kyau, amma babu sojan da ya taɓa hawan irinsa.

Haka batun tambari. Na san yadda zuciyar ɗan Arewa za ta so ya zana alamar dakarunmu a jikin baburinsa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma baƙin gizo-gizo ne tambarinta, ta 82 kuwa māsu biyu a gicciye a kan gammo. Dubban Hausawa da maƙwabtansu sun yi yaƙin Bama a ƙarƙashin waɗannan alamu, kuma barikin Chindit na Zariya daga can ya samo sunansa. Amma a lura da gammon nan. A kwarin Kaladan a 1944 da ƙafa mutanen nan suka yi yaƙinsu, kaya a ka, abinci ana jefo musu daga jirgin sama, a dajin da mota ba ta shiga sai sun sare hanya da adda. Wanda ya ɗauki baburin da bai san inda ya yi aiki ba ya manna masa gizo-gizo, ya ƙirƙiro tarihi, kuma bayan shekara ashirin wani zai saye shi ya rantse cewa ya je Bama. Girmama tsofaffin sojojinmu ya fi ƙarfin haka. In babu hujja, a bar madgad babu komai. Dubban babura haka suka yi aikinsu. Alamun 'yan Nazi kuwa, a Jamus kanta doka ta hana baje su a bainar jama'a, kuma ban ga dalilin da zai sa mutumin kirki ya zana su a abin hawansa ba.

Wanda zai shigo da irin wannan babur Nijeriya ko Nijar yana da ƙarin abin dubawa da Bature ba shi da shi. A Nijeriya akwai doka tun 1977 da ta hana farar hula amfani da abin hawa mai fentin koren soja, kuma a halin tsaron da ake ciki ba wanda zai tsaya a shingen bincike yana sauraron bayanin tarihi. Babur shi kansa ya zama abin zargi a wurare da yawa: Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, jihohin Arewa maso Yamma sun sha sanya takunkumi a kan babura saboda 'yan bindiga, a Nijar ma an hana hawansu a yankin Diffa a 2015 da sassan Tillaberi a 2020. A nemi bayani a rubuce daga kwastan, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro wanda ke ba da izinin shigo da kayan da suka shafi soja, tun kafin babur ya hau jirgin ruwa. Kuben bindiga da ke gaban WLA, da bindigar roba ta ado, a bar su can. Ga wanda ke son hawa titi, baƙin fentin farar hula mafita ce mai mutunci, domin yawancin waɗannan babura sun fi daɗewa cikin baƙi fiye da kore, wannan ma tarihinsu ne. Kuma kada a sayi babur marar takardun mallaka komai kyansa.

Sai hawan kansa. M20 yana jin daɗinsa ne a kilomita 65 zuwa 70 a awa. In aka matsa masa fiye da haka na dogon lokaci, zai rama. Bayansa ba shi da sifirin sai na sirdi. Giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin abin da ƙafar ɗan yau ta saba, kuma a lokacin firgita ƙafa abin da ta saba take yi. Akwai ɗan hannu na gyara lokacin wuta da na sassauta matsin inji, waɗanda sai an koya kafin a iya tayar da shi ba tare da kik ya bugi ƙafa ba. WLA kuwa kulocinsa a ƙafa yake, giya a hannu. Birkinsu duka na zamanin da titi ba cunkoso ne, fitilar bolt 6 kuma ba ta hanyar Kaduna zuwa Zariya da dare ba ce. Duk da haka ina ganin a hau su. Injin da ba ya juyawa lalacewa yake, kuma yaro da ya ji bugun M20 a filin makaranta ko wurin bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu zai yi tambayar da hoto a littafi ba zai sa ya yi ba.

Game da kuɗi, magana ɗaya ce: abin da za ka kashe wajen gyara, da kuɗin jirgi da na kwastan da canjin fam ko yuro, zai wuce abin da za a saya a hannunka. Wanda ke neman riba ya nemi wata sana'ar. Wanda kuɗin makarantar 'ya'yansa bai kammala ba ya dakata.

Ba lallai ne ma sai an tsallaka teku ba. Baburan Ingila sun yi zamani a ƙasar nan, a hannun ma'aikatan En'e da malaman gona da 'yan sanda da ma'aikatan ma'adinai na Jos, kafin Honda da Yamaha su ture su. Waɗanda suka rage suna zaurukan tsofaffin gidaje da bayan garejoji, kuma 'yan gwangwan suna zagayawa kullum da sikelinsu, su awon kilo suka sani. In ka ji labarin ɗaya, ka je da wuri. Kafin ka taɓa shi, ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka zauna da dattijon gidan ka tambaye shi wa ya saya, a wace shekara, daga hannun wa, ina aka riƙa zuwa da shi, ka rubuta da sunan mai ba da labarin da kwanan wata. Ka buɗe littafi guda ka riƙa shigar da duk abin da ka canza da dalilin canzawar, duk ƙarfen da ka cire kuma ka sa shi a akwati da alama a jikinsa, ko da ya lalace. Ranar da baburin zai bar hannunka, littafin da akwatin su bi shi.